NASIHA GA SAMARI GAME DA SAYEN TALABIJIN MAI TSADA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu ji da gani da hankali, ya kuma sanya dukiya amana a hannun bayinsa domin ya jarraba su da ita. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwana matashi, akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin samari a wannan zamani, a majalisa, da wurin aiki, har ma a ƙofar masallaci bayan an sallame. Tambayar ita ce: "Ina da talabijin tana aiki lafiya lau, amma an fito da sabuwa, babba, mai shiga intanet, hotonta kamar ka miƙa hannu ka taɓa mutum. Shin in sayar da tawa in cika kuɗi in ɗauko waccan?" Wani zai ce wannan ai maganar kasuwa ce, me ya kawo ta cikin wa'azi? To, ka sani duk abin da ya shafi dukiyarka da lokacinka da idonka ya shafi addininka. Tirmizi ya ruwaito hadisi wanda ma'anarsa ke nuna cewa bawa ba zai gusa daga matsayarsa ran ƙiyama ba sai an tambaye shi game da rayuwarsa, da iliminsa, da jikinsa, da kuma dukiyarsa. Ita dukiya ma tambaya biyu ce a kanta, watau ta ina ta shigo, kuma ta ina ta fita. Saboda haka ka ba ni aron hankalinka, mu bi maganar daki-daki.

ASALIN HUKUNCI

Da farko dai, kada wani ya ce mun haramta abin da Allah bai haramta ba. Ƙa'ida sananniya a wurin malaman usulu ita ce, asalin abubuwan amfani na duniya halas ne har sai dalili ya zo da hani. Talabijin ƙarfe ce da gilashi da waya, hukuncinta yana bin abin da aka yi da ita, kamar wuƙa, wadda ake yanka ragon layya da ita, ake kuma zubar da jinin bayin Allah da ita. A cikin Suratul A'arafi, aya ta 32, Allah ya yi inkari ga masu haramta ƙawar da ya fitar domin bayinsa da daɗaɗan abubuwa na arziki. Haka kuma Muslim ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa, da wani mutum ya yi tambaya game da son kyakkyawar tufa da kyakkyawan takalmi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana masa cewa wannan ba ya cikin girman kai.

Amma fa ka lura, ayar da ke gaban waccan, watau ta 31, ita ce ta yi umarni da ci da sha, ta kuma hana wuce iyaka. Allah ya jera su kafaɗa da kafaɗa domin kada mai son duniya ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya. Don haka tambayarmu a yau ita ce: wannan abin halas ɗin, ya cancanci kuɗin da za ka zuba masa, a halin da kake ciki, da haƙƙoƙin da ke wuyanka? Ba za ka iya amsawa ba sai ka san abin da ake sayar maka, domin malamai sun ce hukunta abu yana biyo bayan saninsa ne.

ME AKE SAYAR MAKA?

Idan ka shiga kantin kayan lantarki, kalmar farko da mai kanti zai jefe ka da ita ita ce 4K. To, mene ne 4K ɗin? Hoton talabijin ƙananan ɗigogi ne na haske da aka jera. Wadda ake kira Full HD tana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, watau kimanin miliyan 2. Ita kuwa 4K tana da 3840 a kwance da 2160 a tsaye, watau sama da miliyan 8, ninki huɗu ke nan. Wannan gaskiya ne, ba ƙarya mai kanti ya yi maka ba. Abin da bai gaya maka ba shi ne, idon ɗan Adam Allah ya yi masa iyaka. A kan talabijin mai inci 55, in ka ja baya ka wuce mita 2 da 'yan kai, lafiyayyen ido ba ya iya rarrabe ɗigon 4K da na Full HD. A kanti kana tsaye ne dab da ita, hancinka ya kusa taɓa gilashi. A ɗakinka mai ƙafa 12 kuwa, ita tana jikin wannan bango, kujerarka tana jikin wancan, tsakaninku ya doshi mita 3. Ka ga ke nan wani kaso na kuɗinka ya tafi ga abin da idonka ba zai gani ba.

Abu na biyu, talabijin ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka aiko mata shi take nunawa. Hoton da ake kunnawa a kanti, na tsuntsaye da furanni da ruwa yana gangarowa daga dutse, an shirya shi ne musamman domin talla, an kuma ƙure hasken talabijin ɗin domin ya ɗauki ido. Mafi yawan tashoshin da kake kamawa ta eriya ko ta dikoda ba sa watsa shirye-shiryensu da 4K, da yawa ma ba su kai Full HD ba. In ka kai hoto mai rauni kan faffaɗan gilashi, sai dai rauninsa ya ƙara fitowa fili. Samari nawa ne suka kai sabuwar talabijin gida, suka kunna, suka ce an canja musu a hanya? Ba a canja ba, kallon kitse suka yi wa rogo.

Adalci ya sa mu faɗi cewa masu tsadar suna da fifiko na gaske. Wadda ake kira OLED, kowane ɗigo a cikinta shi ke ba da haskensa da kansa, saboda haka baƙi yakan fito baƙi ƙirin, launi ya fito sarai. Sauran, har da wadda ake kira QLED, fitila ce a bayan gilashin take haska su. Amma ita OLED ɗin tana da nata ciwon, domin in tambarin tasha ɗaya ya daɗe ƙwarai a wuri ɗaya, yana iya barin tabo wanda ba ya gogewa. Game da shiga intanet kuwa, yau kusan duk sabuwar babbar talabijin tana shiga, mai araha da mai tsada. Tsohuwar taka ma, muddin tana da ramin HDMI a bayanta, akwai ɗan ƙaramin akwatin Android ko Fire TV Stick da ake soka mata, nan take ta kama YouTube da sauransu, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da kuɗin sabuwa.

KUƊIN DA BA A RUBUTA A JIKIN KWALI BA

Ya ɗan'uwa, wanda ya sayi doki bai gama biya ba, saura dawa da ciyawa da ɗan kula da barga. Haka wannan na'ura take.

Na ɗaya, data. Kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya da 4K yana iya cin giga 7, da HD giga 3, da hoto na gama-gari kuwa giga 1. Mu yi lissafi. In kana kallon awa 2 kowane dare da 4K, giga 14 ke nan a rana, a wata kuwa giga 420. Je ka tambayi kuɗin giga 420, ka kuma tuna cewa a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. In ka ce a'a, ni zan rage ƙarfin hoton ne domin data ta yi auki, to, ka koma kallon irin hoton da tsohuwarka take nunawa ke nan. Ina amfanin canjin?

Na biyu, wuta. Babbar talabijin tana jan wuta ninkin abin da ƙarama ke ja. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar waɗanda ke rukunin farko zuwa naira 225 kowane ma'auni, su kuwa sauran rukunoni wutar ma ba ta zama. In janareta ne, ka san yadda man fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. In sola ce, sai ka ƙara faifai da batir. Ga kuma wutar da kan zo da ƙarfi tsakar dare ta ƙone kaya, dole ka nemi na'urar daidaita wuta.

Na uku, gyara. Tambayi kowane mai gyaran talabijin, zai gaya maka in gilashin irin waɗannan ya fashe, kuɗin canja shi yakan yi kusa da kuɗin sabuwa. Yaro ɗaya da ƙwallon roba ko murfin kwano ya isa ya gama da ita a cikin ƙiftawar ido.

Na huɗu, tsufa. Kwamfuta ce ƙarama a cikinta, ita kuwa kwamfuta kamfani yakan daina kula da ita bayan 'yan shekaru. A watan Disambar 2019 Netflix ya daina aiki a kan wasu talabijin na Samsung ƙirar 2010 da 2011, alhali kuwa gilashinsu garau yake. Wadda ake yi maka rantsuwa yau cewa ita ce ƙarshe, baɗi war haka an fito da ƙanwarta, an ce taka ta zama tsohon yayi. An riga an fito da 8K ma, mai ɗigo sama da miliyan 33. Wannan tsere ne wanda ba shi da layin ƙarshe, kuma wanda ya shirya tseren shi ke karɓar kuɗin shiga.

KANA KALLONTA, TANA KALLONKA

Akwai wani abu da samari da yawa ba su sani ba. A cikin irin waɗannan talabijin akwai manhajar da ke gane abin da ke gudana a kan gilashi, ta aika wa kamfani labari ta intanet, shi kuma ya yi ciniki da masu talla. Kada ka ɗauka zato ne. A shekarar 2017 hukumar kula da ciniki ta gwamnatin Amurka ta kama kamfanin Vizio da tattara bayanan abin da mutane ke kallo, daƙiƙa bayan daƙiƙa, daga talabijin miliyan 11, ba da izininsu ba, har kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 2.2. A shekarar 2015 kuma an yi ta ce-ce-ku-ce a duniya sa'ad da aka gano a cikin takardar sharuɗɗan Samsung cewa maganar da aka yi a gaban talabijin mai karɓar umarni da murya tana iya isa ga wani kamfani na daban. Sa'an nan a 2024 babban kantin nan na Amurka, Walmart, ya sayi Vizio ɗin a kan kimanin dala biliyan 2.3, kuma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne kasuwar tallan da ke cikinta.

Musulunci ya girmama sirrin gida. Suratun Nur ta koya mana neman izini kafin shiga gidan wani, har ta ambaci lokuta uku da yaran gida ma sai sun nemi izini. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. To, yaya mutum zai sayi ɗan rahoto da kuɗinsa, ya rataye shi a ɗakin da yake kwana da iyalinsa, ya kuma danna "na yarda" a kan sharuɗɗan da bai karanta ba? Duk wanda yake da ita, lalle ne ya shiga wurin saiti ya kashe tattara bayanan kallo da sauraron murya.

MIZANIN SHARI'A

Malamanmu, irin su Imamu Gazali wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, da Imamu Shaɗibi mai littafin Muwafaƙat wanda ya rasu a 790, sun kasa maslahar ɗan Adam kashi uku. Akwai larura, watau abin da in babu shi addini ko rai ko hankali ko zuriya ko dukiya za su salwanta. Akwai buƙata, watau abin da in babu shi za a shiga ƙunci da wahala. Akwai kuma ƙawa, watau abin da ke ƙara wa rayuwa daɗi da kyau. Ƙa'idar ita ce, ba a gabatar da na ƙasa a kan na sama. Abinci da magani da wurin kwana larura ne. Kuɗin makarantar ƙanenka da jarin sana'arka da abin hawan zuwa aiki buƙata ne. Canja talabijin mai aiki da wadda ta fi ta girma kuwa, ko ɗan sarkin gardama ya san a kashi na uku take.

Yanzu ɗora ta a kan sikeli. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. A ce talabijin ɗin da ranka ke so naira miliyan ɗaya ce, akwai kuwa waɗanda suka ninka haka. Albashin wata 14 ke nan da ɗoriya na wannan ma'aikacin, bai ci ba, bai sha ba. Kuma kaya ne na dala. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kai da kake samu da naira, kana so ka yi ado da dala.

Malamai sun bambanta israfi da tabziri. Israfi shi ne ka kashe fiye da yadda ya dace a cikin abin da yake halas. Tabziri kuwa shi ne ka kashe a inda bai dace ba sam, kuma Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, ta danganta masu yin sa da shaiɗanu, bayan ta yi umarni da ba dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu. Suratul Furƙan, aya ta 67, ta yabi bayin Allah da cewa ciyarwarsu tana tsakanin ɓarna da ƙwauro. Daga nan za ka gane israfi yana bin halin mutum ne. Attajirin da ya fitar da zakkarsa, ya wadata iyalinsa, ya duba danginsa, in ya sayi mai inci 75 ba mu da ta cewa. Amma saurayin da mahaifiyarsa ke raba ƙwayar maganin hawan jini biyu domin ya kai ta ƙarshen wata, in ya sayi irin wannan, wallahi ya ji tsoron Allah. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa tozarta waɗanda ciyarwarsu ke wuyan mutum ya ishe shi zunubi. Wani kuma shekararsa talatin, kullum kukansa ba shi da halin aure, alhali kuɗin da ya rataye a bango ya isa sadaki har da ragowa.

BASHI DA RIBA

Mafi munin lamarin shi ne a saye ta da bashi. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi a cikin sallarsa, da aka tambaye shi dalili sai ya bayyana cewa bashi yana kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari. Buhari ya kuma ruwaito cewa an kawo wata gawa, ya ƙi yi mata salla saboda bashin da ke kanta, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Muslim ya ruwaito cewa shahidi ma ana gafarta masa kome ban da bashi. In wanda ya ba da ransa domin Allah bai kuɓuta ba, ina ga wanda ya ci bashi domin ya ga gumin ɗan ƙwallo sosai?

Wani zai ce, "Malam, ai biya kaɗan-kaɗan ne." To, a nan akwai bayani. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a shekarar 1990, ta tabbatar da cewa ya halatta farashin ajali ya fi farashin hannu, da sharaɗin a yanke farashi ɗaya tun wurin ƙulla ciniki. Amma in aka sa sharaɗin ƙarin kuɗi saboda jinkirin biya, wannan riba ce haramtacciya. Haka nan rancen manhajojin waya da na banki mai kuɗin ruwa, riba ce tsagwaronta, wadda ƙarshen Suratul Baƙara ya yi shelar yaƙi a kan wanda ya ƙi barinta. Kun kuma ga yadda wasu masu ba da rancen waya ke aika wa dangin mutum da surukansa saƙon tozarci in ya makara. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wanda kuma ake binsa bashi tun tuni, mai kanti na binsa, mai gidan haya na binsa, abokinsa na binsa, sa'an nan kuɗi suka shigo ya wuce da su kantin lantarki, ya sani Buhari da Muslim sun ruwaito cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne.

LOKACI DA IDO

A ce ma kuɗinka ne, halas, babu bashi. Saura tambaya ɗaya: me za ta yi wa lokacinka? Mutum ba ya kashe miliyan a kan abu ya bar shi a rufe, sai ya ce bari in ci kuɗina. Su kuwa masu shirya manhajojin nan sun tsara su ne yadda kashi ɗaya na ƙarewa na gaba zai kunna kansa, ba ka ko taɓa rimot ba. Awa 3 a kowace rana, a shekara awa 1,095 ke nan, watau sama da kwana 45 cur, dare da rana. Wanda ya ba wa haddar Alƙur'ani ko koyon sana'a rabin wannan, ina zai kai a shekara biyu? Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa lafiya da sarari ni'imomi ne guda biyu da mutane da yawa ke tafka hasara a cikinsu. Kai kuwa yanzu kake da su duka biyu.

Dubi lokutan wasannin ƙwallon Ingila na ranar Asabar. Wani yakan faɗo daidai La'asar, na bayansa ya haɗiye Magariba. Ladan yana kira, saurayi yana cewa bari a tafi hutun rabin lokaci. Wasan dare kuma, da firar da ke biye da shi, su ne ke cinye Asuba. Daga kallon ne kuma da yawa suka zarce cacar ƙwallo, wadda Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya.

Sai kuma ido. Suratun Nur, aya ta 30, ta umarci muminai maza da runtse gani, Suratul Isra'i, aya ta 36, ta ce ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Tashar gida komai lalacewarta tana da wanda ke tace ta, tana jin kunyar jama'a. Intanet kuwa ba ta da mai gadi, kuma wannan ƙofar ka buɗe a tsakiyar falonka, inda ƙannenka da 'ya'yanka ke zama in ka fita. In ka ce wa'azi da karatu za ka riƙa kallo, madalla, Allah ya ba ka lada. Amma tsakaninka da Allah, tafsiri yana bukatar ɗigo miliyan 8? Muryar malami a ƙaramar rediyo ta shiryar da mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

DON WA ZA KA SAYA?

Ka tambayi zuciyarka wannan, kai kaɗai. Yaushe ka fara ganin talabijin ɗinka ta yi ƙanƙanta? Sau da yawa amsar ita ce, ranar da ka shiga ɗakin wane. Jiya tana burge ka, yau ka raina ta, alhali ko inci ɗaya ba ta ragu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito umarnin a riƙa duban na ƙasa a sha'anin duniya, domin hakan ya fi kare mutum daga raina ni'imar Allah. Suratut Takasur gaba ɗayanta gargaɗi ce a kan gasar tarawa.

Wannan ciwo ya fi kama angwaye. Ana so ranar da abokai suka zo ganin ɗaki su ce kai, wane ya yi ƙoƙari. Wani lokaci kuma a ɗora wa uban amarya, a ce sai ta shiga cikin kayan ɗaki, bawan Allah ya sayar da gona ko ya ci bashi domin kada a yi da 'yarsa. Abokan za su yaba na minti biyar su watse, a bar ango da amarya da buhun da babu kome a cikinsa. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

TO, WA YA KAMATA YA SAYA?

Ga amsa a taƙaice, ka auna kanka da ita.

In taka tana aiki, riƙe ta, ka gode wa Allah. In intanet kake bukata a kanta, sayi ɗan akwatin nan ka soka mata.

In ta lalace, fara kai ta wurin mai gyara. Sau da yawa fitilar baya ce ko allon wuta, kuma ana canja su. In ta ƙi gyaruwa, sayi matsakaiciya daidai ɗakinka da aljihunka, daga amintaccen mai kanti, da takardar garanti, domin jabu sun yi yawa a kasuwa.

In sana'arka ce, kamar mai makarantar da ke koyarwa da ita ko mai aikin haɗa hotuna, to ta tashi daga ƙawa ta koma kayan aiki, sai ka yi lissafinta kamar yadda ɗan kasuwa ke lissafin jari.

In kuwa Allah ya yalwata maka kana son mai tsadar, cika sharuɗɗa biyar: kuɗin halas ne, babu bashi a kanka kuma ba da bashi za ka saya ba, iyayenka da iyalinka ba su da wata bukata da ke jira, ka fitar da zakka in ta wajaba, kuma kana da ikon kashe ta in an kira salla da ikon tsare abin da ke shiga gidanka ta cikinta. In ɗaya ya faɗi, dakata. Ko duk sun cika ma, ba kanka wata guda kafin ka biya, ka yi istihara, ka shawarci wanda ya fi ka shekaru. Sha'awa da yawa ba ta kai kwana talatin da rai.

Ya ɗan'uwana, ƙuruciya dama ce, kuma kuɗin farko da saurayi ya fara riƙewa su ne ke nuna inda ya dosa. Wanda ya sa su a jari, ko karatu, ko aure, ko hidimar iyaye, zai ga amfaninsu tun a nan, ya kuma tarar da su a can. Ka shirya amsar da za ka bayar in an tambaye ka ina suka tafi.

Allah ya azurta mu da wadatar zuci, ya sa albarka a cikin abin da ya ba mu, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya tsare idanunmu da kunnuwanmu da gidajenmu daga abin da ba ya so. Allah ya shiryi matasanmu, ya ba marasa sana'a sana'a, ya ba marasa aure mata na gari. Abin da muka faɗa daidai Allah ya ba mu ladarsa baki ɗaya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.